Karatun Da Ya Zo A Motar Albasa

Ban taɓa sanin ana auna karatu kamar yadda ake auna gero da tiya ba sai da na je Gana. Na sauka a garin da jami'ar take, a bakin teku, bayan kwana uku a mota. Ƙafafuna sun kumbura, wuyana ya sage, amma jakar takarduna tana rungume a ƙirjina, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Shekara goma sha takwas na yi ina koyar da Ingilishi a kwalejojin jihar Damagaram. Na yi Takieta, na yi Dakusa, kafin a dawo da ni cikin gari. Gwamnati ta ba ni hutun karatu na shekara guda tak, a rubuce da hatimi: ranar da aka buɗe lakwal, wato makaranta, baɗi in kasance gaban allo, ko a ba wani gurbina. Digiri na biyu a fannin koyarwa shekara guda ne ga wanda jami'ar ta yarda ya riga ya yi horon malanta. Wanda ba ta yarda da horonsa ba kuwa sai ya fara yin shekarar share fage, sannan ya shiga ainihin karatun. Ke nan in suka ƙi takarduna, shekarata za ta ƙare a share fage, in koma gida hannu rabbana, ina gaya wa mutane na je har Gana na koyo yadda ake riƙe alli.

Masauki na samu a Zango, unguwar Hausawa, a gidan wani dattijo tsohon mai fataucin goro da ake kira Baba Salisu. Da ya ji daga inda na fito sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Kakansa ɗan Damagaram ne, ya zo fataucin jar fata ya zauna, shi kuwa Baba bai taɓa taka can ba.

"Ɗana, duwatsun nan suna nan? Kakana ya ce akwai duwatsu kamar ɗakuna, wani bisa wani, ba wanda ya ɗora su."

"Suna nan, Baba. Ba wanda ya iya ɗauke su."

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar duk wanda ya shigo zaurensa sai ya nuna ni ya ce ɗan'uwansa ne ya zo daga gida.

Abubuwa da yawa sun ɗaure mini kai a makon farko. Da safe na ga waɗanda ba su jin ko "sannu" sun yi layi suna sayen koko da ƙosai, suna kiransa kokon Hausa, alhali mu a gida ba mu san mun yi suna da shi ba. Teku kuwa na tsaya ina kallonsa na fi awa guda, ina neman ɗaya gaɓar, ban gani ba. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ruwan sama. Kusan kullum sai an yi, ya cika kwata ya gangara teku, ba mai ko waiwayensa. Ni da na tashi a garin da ake kwana jiran famfo, na kasa jurewa. Na kwaso bokitan gidan na jera a tsakar gida. Matan gidan suka yi ta dariya, suka ce Malam ya zo da ƙishirwar garinsu.

Ranar Litinin na sa rigata mai aiki na tafi ofishin rajista. Mai kula da baƙin ɗalibai wata mata ce gajera mai suna Madam Efuwa, tabaranta na rataye a wuya da sarƙa, a gefen teburinta ga gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Na shimfiɗa mata dosiyena, wato tarin takarduna, da alfahari. Sati biyu na yi ina haɗa shi kafin in taso. Kowace takarda na kai ta meri, ofishin magajin gari, an liƙa tambur, an buga hatimi, an sa hannu cewa kwafin daidai yake da na asali. A wurinmu takardar da ba hatimi ba takarda ba ce, kuma gwargwadon yawan hatiminta gwargwadon nauyinta.

Madam Efuwa ba ta ko dubi hatiman ba. Ta sa tabarau, ta bi takardar sakamakona da yatsa, ta tsaya.

"Sha uku? Sha biyu? Malam Lawali, da wannan aka ba ka aji?"

Na yi mata bayani cewa mu bisa ashirin muke ba da maki, ba bisa ɗari ba. Na ƙara mata da abin da muke faɗi tun muna yara, cewa ashirin ta Allah ce, sha tara ta malami, ɗalibi ya nemi rabonsa daga ƙasa. Ta yi lissafi a gefen takarda, ta gyaɗa kai, ta ce to wannan ba matsala. Na fara murmushi ke nan sai ta ɗaga babbar takardar shaidar horon malanta da na yi shekara biyu a Yamai.

"Wannan ta ce ka gama. Ba ta ce me ka karanta ba."

"Madam, ga sunayen darussan nan a jere."

"Sunaye ne. Sanin halayyar yara, awa nawa? Me aka koya a ciki? Nan kowane darasi yana da kiredit ɗinsa. Kwamiti zai ɗauki namu ya ɗauki naku ya gwada. In naka ya cika a yafe maka, in bai cika ba ka sake."

A nan ne na gane maganar tiya. Su ba su damu da an ce buhu ya cika ba, sai an kwance bakinsa an auna a gabansu. Abin ya ba ni haushi, amma ya ba ni sha'awa, don ban taɓa tambayar kaina awa nawa na yi ina koyon abin da nake ci da shi ba. Ta ce in kawo takarda daga makarantar mai bayanin abin da ke cikin kowane darasi. Na buga waya Yamai, wani abokina ya je ya tambaya. Aka ce masa a zamaninmu ba a rubuta irin wannan takarda. Abin da ke cikin darasi yana kan malamin da cikin jakarsa, kuma malaman lokacin duk sun yi ritaya.

Ina zaune a gindin wata bishiya kusa da masu buga takardu, na rasa abin da ke mini daɗi, sai na ji an gaishe ni da Faransanci. Sati biyu rabona da jin harshen, har na ji kamar an miƙo mini fura. Wani mutum ne fes, da taye da jaka. Ya ce ya san matsalata tun kafin in faɗa, duk 'yan ƙasashenmu haka ake yi musu. Ya ce akwai takardar daidaita karatu, shi ke fito da ita, kwana biyu ta isa. Na ba shi kwafin takarduna da abin da ya nema, ban ko yi ciniki ba.

Ranar da ya ce kuwa ya kawo. Wallahi ban taɓa ganin takarda mai kyan wannan ba. Hatimi uku, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ɗaya mai ruwan zinariya da aka danna har ya fito ta baya. Kowane darasi ga awoyinsa, ga bayaninsa. Da na karanta na ga akwai wani darasi wai amfani da kwamfuta wajen koyarwa, awa arba'in da biyar. A zamaninmu na'ura mafi girma a makarantar ita ce keken rubutun sakatare. Zuciyata ta gaya mini gaskiya nan take. Amma na sake duban hatimin zinariyar nan, na ce wa kaina ai wanda ya mallaki irin wannan ya san abin da yake yi. Na kai wa Madam Efuwa. Ta juya takardar gaba da baya, ta ce in dawo jibi, shugaban kwamiti na son ganina.

Farfesa Kwansa dogo ne siriri mai furfura, sanye da takalmi sau-ciki na roba kamar wanda zai je gona. Ya ba ni kujera, ya ajiye takardar tsakaninmu.

"Ba ni labarin darasin kwamfutar nan. Wa ya koyar da ku?"

Shekara goma sha takwas ina kama yara da satar amsa, na san yadda fuskar mai ƙarya take, kuma na ji tawa tana komawa haka. Kunya ta rufe ni. Na gaya masa komai, tun daga gaisuwar Faransanci har hatimin zinariya. Ya saurara bai katse ni ba.

"Kai ne na huɗu da ya kawo mini wannan hatimin," in ji shi. "Ukun sun rantse sun yi darasin. Sun koma garuruwansu."

Garin neman gira na kusa rasa ido. Ya yage takardar gida biyu ya jefa a kwando. Ya ce ba zai kore ni ba, amma ba abin da zai kai wa kwamiti, don haka in shiga share fage. Sai kuma, kamar don ya sassauta mini, ya tambaye ni me nake son yin bincike a kai in Allah ya kai ni can.

Nan bakina ya buɗe, don ciwon da na daɗe da shi ne. Na ce shifta. Na ce a makarantunmu malami na tsaye yana faɗa, ɗalibi na duƙe yana rubutawa, daga safe har azahar, ba tambaya ba musu, kuma wannan ke kashe tunanin yara. Na ba shi misali da Mushe Barma, mai kula da karatu a makarantarmu ta Yamai; mushe kuwa shi ne malam a Faransancinmu. Mu manya da gemunmu, wasu da 'ya'ya, amma kowane darasi sai mun rubuta shi kalma da kalma a kaye, wato littafin rubutu. Kwanan wata a dama, lokacin farawa da na gamawa a hagu, sunan malami, kan darasi a ja masa layi biyu da jan bik, wato biro. Duk Asabar Mushe Barma zai tattara kaye na kowane fanni, ya bi shafi-shafi, ya sa hannu a gefe. Wanda ya manta layi guda sai ya sake kwafe darasin gaba ɗaya. Na ce a shekara biyu ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ban kuma taɓa wuce sha uku a hannunsa ba.

Ina cikin zuba sai na ga Farfesa ya ajiye alƙalaminsa.

"Kowane darasi? Da lokacin farawa da na gamawa?"

"Kowane ɗaya."

"Kuma jami'in makaranta ya sa hannu duk mako?"

"Ko zazzaɓi yake yi."

"Ina littattafan suke?"

Ni kaina sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na ce suna Damagaram, in suna nan, zan sa a ɗauko hotonsu a waya.

"A'a," in ji shi, yana nuna kwandon shara. "Bayan wannan, daga gare ka ban yarda da hoto ba. Sai abin da hannuna ya taɓa. Kwamiti zai zauna nan da sati biyu."

Ina fita na kira matata Rakiya. Ni da bakina na taɓa ce mata ta ƙona kwalin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Rakiya, kwalin kaye ɗin nan na Yamai..."

"Wanda ka ce in ƙona?"

"Shi."

"To ai ka ce in ƙona, Malam."

Na jingina da bango. Ta bar ni na ɗanɗana sosai, sannan na ji dariyarta.

"Yana nan bisa buhunan hatsi. Abin da mutum ya yi shekara biyu yana duƙe a kai, ni ba ni sa mishi wuta. Amma tsaya in ƙirga." Na ji motsin kwali. "Goma ne."

"Sha ɗaya ne."

"To, ɗayan dai... bara Iya mai ƙosai ta rasa takardar ƙunshi, ni kuma na ga ka ce ba ka so."

"Wanne kika ba ta?"

"Mai koren bango. Shi ya fi kauri."

Kayen darasin tarihin ilimi ke nan. Yaran unguwarmu sun cinye shi da yaji.

Saura yadda za su zo. Ta gidan waya ba za su iso a kan lokaci ba, ni kuma in na tafi da kaina na rasa darussa an soke sunana. Da na gaya wa Baba Salisu sai ya dube ni kamar na ce ban san hanyar masallaci ba.

"Albasar da kake ci a gidan nan, daga ina kake zaton take zuwa?"

Ya buga waya biyu. Ashe motocin albasa daga Galmi zuwa Akara ba su yankewa. Rakiya ta ɗinke kwalin cikin buhu, ta sa a motar safe zuwa Galmi, can wani dillali ya miƙa wa direban da zai taso washegari. Aka ce kwana shida, in hanya ta yi kyau.

Kafin nan na shiga ajin share fage, tunda nan sunana yake. Na zauna cikin samari da 'yan mata da na haife su, ana koya mana yadda ake tsara darasi. Ranar farko na ji kamar in nutse. Amma ba zan ɓoye ba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Malama ta faɗi magana, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ba ta yarda ba, malamar ta ce to zo ki nuna mana. Na duƙar da kai ina jiran tsawa, sai na ji aji ya kaure da musu, malamar na gefe tana murmushi. Ba wanda ya rubuta komai sai ni. Na duba kayena na ga na sa kwanan wata a dama, na ja layi biyu, ban ma san na yi ba.

Kewar gida kuwa da azahar take kama ni, lokacin cin abinci. Dokunu da soyayyen kifi ba laifi, amma tsaminsa ba irin na furarmu ba ne. Nakan zauna ina ci ina tuna tuwon gero da miyar kuka, da ƙarar turmin maƙwabta, da inuwar zauren gidanmu a Birni.

Kwana shida suka wuce, suka zama tara. Direban ya daina ɗaukar waya. A rana ta goma sha ɗaya aka ce motar ta karye a kusa da iyaka, ana jiran ƙarfe daga wani gari. Kullum bayan la'asar Baba Salisu zai buga waya, ya ajiye, ya ce, "Gobe, in sha Allahu." Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Ina aji ina kallon tagar ɗakin taron daga nesa, har na ga sun fito suna gaisawa.

Washegari na je wurin Madam Efuwa in karɓi dosiyena. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Rakiya. Na gaishe ta, na ce na zo ɗaukar takarduna tunda an gama.

Ta sa tabarau, ta jawo aljihun tebur, ta dafe ƙirji.

"Kai! Dubi nan. Jiya na kwashi na kowa na kai, na manta naka a ƙarƙashin gyaɗata. Tsufa ba daɗi, Malam Lawali. Yanzu dole su sake zama ranar Alhamis mai zuwa saboda kuskurena. Farfesa ya yi mini faɗa sosai."

Ta faɗi haka ko gezau, tana ɓare gyaɗa. Matar da ta san lambar kowane ɗalibi da ka. Na tsaya na rasa da wane harshe zan gode mata, sai na ji ina cewa Allah ya saka da alheri da Hausa. Ta kaɗa mini hannu ta ce in tafi, akwai mutane a layi.

Motar ta iso ranar Talata. Na tafi Akara da sassafe, na sami kasuwar albasa, wadda in ka rufe ido ka ce a Madawa kake, Hausa ta ko'ina. Direban, wani Ba'adare mai jajayen idanu don gajiya, ya hau bayan motar ya tono buhuna daga ƙarƙashin albasa.

"Mushe, mi ne ne ciki haka? Kowace tasha sai an kira ni a kanshi. Na aza zinariya ta."

Na ce masa tsofaffin littattafai ne. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya girgiza kai ya ce 'yan boko sai Allah.

A cikin kwalin Rakiya ta cusa ƙunshin kilishi da garin kuka. Na zauna a kan wani buhu a tsakiyar kasuwa na buɗe kaye na farko. Rubutuna ne na ƙuruciya, ƙanana a tsaye kamar sojoji, ga jan sa hannun Mushe Barma a gefe, mako bayan mako. A wani shafi ya rubuta, "A sake." Na tuna daren da na sake kwafe shi ina tsine masa a zuci. Yanzu kuwa na shafa wurin da yatsa, idona ya cika.

Ranar Alhamis na jera kaye goma a teburin kwamiti. Kafin a yi minti biyar wata farfesa ta tashi ta buɗe tagogi duka saboda warin albasa, wani yana share hawaye, Farfesa Kwansa ya ce bai taɓa ganin karatun da ya sa kwamiti kuka ba sai nawa. Sun gayyato wani malami daga sashen Faransanci yana karanta musu. Suka ajiye tsarin darussansu a gefe guda, suna bi. Farfesa da kansa ya ɗauki fensir yana tara awoyi a gefen shafi, biyu da biyu, huɗu, shida, yana motsa baki kamar mai awo a kasuwar Dole. Ni ma na matso ina leƙe, don ina son in sani. Sanin halayyar yara, awa sittin da huɗu. Dabarun koyarwa, tamanin. Ashe duk wannan yana cikina ban taɓa auna shi ba.

Suka yi mini tambayoyi. Suka buɗe wani shafi da ka suka ce in yi bayanin abin da ke ciki, na yi, har da misalin yaran Dakusa da ke zuwa aji bayan sun kai dabbobi kiwo. Sun fi awa uku. Sannan aka ce in jira a waje.

Da aka kira ni Farfesa ya ce kwamiti ya yafe mini duk darussan share fage sai guda ɗaya, tarihin ilimi, wanda ba a ga shaidarsa ba. Shi zan haɗa da karatun digirin in yi a zangon farko. Ya tambaye ni ina littafin wannan darasin ya shiga. Na gaya masa gaskiya, tunda na ga ita ke ci a wurinsa. Sai da ya cire tabarau don dariya.

Ina tattara littattafan ya ce, "Har yanzu a kan shifta za ka yi binciken?"

Na ce e.

"Yi. Ina ganin kana da gaskiya. Amma mutumin nan mai jan alƙalami, in yana raye, ka je ka gaishe shi."

Na yi binciken, kuma har gobe ban yarda a mai da yara injin kwafi ba. Sai dai babin farko da na zo da shi a kaina, wanda na yi niyyar yanka Mushe Barma a ciki, ban iya rubuta shi yadda na so ba. Na gama a kan lokaci. Baba Salisu ya raka ni tasha, ya sa na yi alkawarin aiko masa da hoton duwatsu. Na iso gida saura kwana tara a buɗe lakwal.

Na yi tambaya aka ce Mushe Barma ya koma garinsu Mirriya tun da ya yi ritaya. Ranar kasuwa na shiga ƙaramar mota na je. Na same shi a ƙofar gida a gindin tsamiya, a kan kujerar roba, ya rame, ya yi fari fat, amma bik biyu na nan a aljihun rigarsa, shuɗi da ja. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar da na gama.

"Lawali Isufu. Layi na uku, kusa da taga. Kai ne mai ƙin ja layi."

"Ni ne, Mushe."

Na ba shi labari tun daga farko. Na miƙa masa takardar digirin cikin kwalinta mai tauri. Ya dube ta sama-sama ya ajiye a cinya.

"Kaye ɗin fa?"

Na zo da guda. Ya karɓa, ya kai hanci, ya yamutsa fuska. Ya shiga buɗawa a hankali yana lasar yatsa. Can ya tsaya, ya matso da shafin kusa da ido.

"Wa ya yi rubutu da fensir a gefe? Gefen shafi na malami ne."

"Farfesan can ne, Mushe. Awoyin ya tara."

Ya bi lissafin da yatsa, shafi bayan shafi, har ƙarshe. Na ga leɓensa na motsi.

"Daidai ne," in ji shi. "Ya iya lissafi."

Sai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce Mushe, shekara biyu na yi ina jin haushinka, na ƙara kusan ashirin a kai, har na ƙetare ƙasashe don in rubuta cewa hanyarka ba daidai ba ce, kuma na rubuta. Amma ba don kai ba da na dawo ba komai. Na zo in ce na gode.

Bai dube ni ba. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya zaro jan bik, ya rubuta kwanan wata a dama. Rubutun na nan yadda na san shi. Ya sa hannu. Ya ɗan yi tunani, sannan ya rubuta sha huɗu bisa ashirin.

Ya laluba gefensa yana neman abin ja layi, bai samu ba. Sai ya ɗauki kwalin digirina daga cinyarsa, ya daidaita bakinsa a ƙarƙashin makin, ya ja layi biyu.